Fayafayai Goma Sha Huɗu

"Malama, ɗakin ga ana shiga, ko sai da izini?"

Na ɗago daga littafin da nake share wa ƙura. Wani dogon mutum ne a bakin ƙofa, da farin alli a hannun rigarsa.

"Laburare ne. Kowa na iya shiga."

"To ina kowan?"

Na ajiye littafin. Wata uku ke nan da aka miƙa mini makullin ɗakin, a makarantar sakandaren 'yan mata da ke Gummi. Littattafai dubu biyu da 'yan kai, kujeru talatin, ni kaɗai.

Sunana Hidaya. Ina shekara goma sha ɗaya Kawuna ya tafi da ni Kalaba inda yake aiki. Shekara goma sha huɗu na yi a can, sau uku kacal na zo gida. Na dawo da takardar digiri da wata Hausa da ke ba mutane dariya a kasuwa.

"Sunana Faruku," in ji shi. "Ni ka koyar da aikin gona. Kuna da littahin tsuntsaye?"

Muna da guda ɗaya, mai kauri, mai hotuna masu launi. Ba a taɓa aronsa ba. Ya buɗe shi a tsaye, ya sa yatsa a wani hoto.

"Mi sunan wagga?"

Na karanta masa sunan Turanci da ke ƙasa.

Ya yi dariya. "Shamuwa ta, Malama! Ko jinjiri ya san ta."

"Ni ban san ta ba."

Dariyar ta tsaya. Ya dube ni sosai, sannan ya jawo kujera ya zauna.

Daga ranar kullum yana zuwa lokacin hutun tara. Ya nuna hoto, ya faɗi suna, in rubuta da fensir a gefe. Belbela. Gauraka. Zalɓe. Cilakowa. Shi ne mutum na farko a garin da bai tambaye ni ko na iya tuƙa tuwo ba.

Wata rana ya tsaya gaban kantocin, hannu a baya.

"Kin san abin da ka hana yaran ga shigowa?"

"Lalaci."

"A'a. Dubi littattahan ga naki. Duk sun juya ma mutane baya. Wa ka shiga ɗakin da kowa ya juya mai baya?"

Na dubi kantocin. Gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu na yi ina koyon yadda ake jera littattafai, ba wanda ya taɓa gaya mini haka.

A gida ma haka abin yake. Ni da Inna muke zaune a ɗaki biyu da ƙaramin tsakar gida, a bayan gidan wanta. Babana ya rasu ina Kalaba. Ni ce 'yarta ta fari, ni ce kuma kaɗai ta rayu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke wagga," take cewa. "Ke wagga, ga tuwo nan." An gaya mini kunyar 'yar fari ce. Na karɓa da kai, amma ba ta taɓa sauka mini a zuciya ba. Mukan ci abinci gefe da gefe, ba abin da ake ji sai ƙarar kwano.

Ranar wata Asabar Inna ta tafi Bukkuyum ta'aziyya, za ta kwana uku. Ina share ɗakinta tsintsiya ta bugi wani buhu a ƙarƙashin gado. Na jawo. A ciki akwai ƙunshi a tsohon zane, a cikin ƙunshin fayafayai.

Goma sha huɗu na ƙirga. Sababbi fil, ba wanda ya taɓa rufe ƙwarya. Ja, kore, ruwan ɗorawa, wani fari sol, wani da baƙin zobe a tsakiya. Na ɗauka sana'a ce ta yi kasuwa ba ta karɓa ba. Na shimfiɗa su a ƙasa, nan take na ga bangon laburare a idona.

Ranar Lahadi na kai su laburare, na kira Faruku. Ya zo da guntayen katako, da guduma, da ƙusoshi a leda. Da ya ga fayafayan ya ɗan yi jim.

"Kin tambayi Inna?"

"Ba ta nan."

"Hidaya... waɗanga kamar..."

"Kamar me? Fayafayai ne kawai."

Ya sosa ƙeya. "To. Ke kis san gidanku."

Ban san gidanmu ba. Amma ban faɗa ba.

Ya buga wa kowane faifai ƙusa a tsakiya, ya kafa ɗan katako a ƙasansa. A kan kowane katako na jingina littafi ɗaya, fuskarsa na kallon ƙofa, faifan ya zagaye shi kamar rana. Layi uku muka yi. Na sa masu ɗaukar ido a sama, sauran a ƙasa. Littafin tsuntsaye ya zauna kan mai baƙin zobe.

Ranar Litinin da aka buga ƙararrawar tara, wata yarinya ta leƙo ta taga. Ta ƙwalla ihu.

"Wayyo! Ku taho ku gani! Malama ta yi jere!"

Kafin in miƙe ƙofa ta cika. Abin da ya ba ni mamaki, takalmansu suka cire a waje, kamar masu shiga ɗakin amarya. Suna guɗa, suna tafi, suna ture juna.

"Ina amarya?"

"Ina ango, Malama?"

Wadda ta fara ihun, Habsu, 'yar aji biyar mai bakin tsiya, ta miƙa hannu za ta ɗauko littafi. Wata ta buge hannun.

"Ke! Hakanan aka taɓa amarya? Sai kin sayi baki!"

Ni ban san sayen baki ba sai da suka yi mini bayani, suna dariyar jahilcina. Amarya ba ta magana a ɗakinta sai abokan ango sun ba da wani abu.

"To da mi za mu saya? Mu ba mu da ko sisi."

Na ce, "Da shafi ɗaya. Duk mai son ta sauko da littafi, ta karanta mana shafin farko da ƙarfi."

Habsu ta karanta, tana tuntuɓe, ana yi mata tsiya. Da ta kai ƙarshen shafin ta juya na biyu ba tare da an ce ta juya ba. Sauran suka matso suna saurare.

Haka ƙungiyar ta fara. Su suka raɗa mata suna: 'Yan Jere. Kowace Laraba bayan an tashi muke zama. Duk mako ana canja amare goma sha huɗu, su ne ke zaɓa, su ne ke faɗa a kan zaɓin. Mako na farko mutum tara. Mako na huɗu arba'in da ɗaya, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Wadda ta gama littafi takan ba da labarinsa a Hausa, amma an hana faɗin ƙarshe. Wadda ta faɗi ƙarshe ita ke share ɗakin.

A Laraba ta huɗu, bayan sun watse, Faruku ya shigo ya tsaya gaban bangon.

"Yau na ji dariyarki har ajina."

"Yi haƙuri."

"Kar ki ba ni haƙuri... Hidaya, ina son in turo magabatana."

Ina tattara kujeru. Na ci gaba da tattarawa.

"Kin ji ni?"

"Na ji."

"To?"

"Ba ka san ni ba. Ni ma ban san kaina a nan ba. Ban san sunan rabin dangina ba."

"Sai in koya miki, ɗaya ɗaya, kamar tsuntsaye." Ya karɓi kujerar daga hannuna. "Hasken idona, tun randa kic ce ba ki san shamuwa ba nis san ba ni da sauran zaɓi."

A Kalaba da wani ya ce mini hasken idona da na yi dariya. Ranar ban yi ba. 

"Ka turo," na ce.

An sa Juma'ar mako mai zuwa. Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Allah shi sa alheri," ta ci gaba da tankaɗe. Amma na ga ta tankaɗe garin sau biyu.

Bayan kwana uku wata maƙwabciyarmu ta shigo da hantsi, ranar Asabar, bakinta har kunne.

"Innar Hidaya, ashe haka za ki yi muna? An yi jeren ɗiyarki ba ki gayyace mu ba?"

"Wane jere?"

"Yo wanda ag ga bangon makaranta mana! Ɗiyan gari duk sun gani. An ce fayafayai sha huɗu, ko na ɗiyar hakimi sai haka!"

Inna ta ajiye rariya. Ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar jan buhu. Maƙwabciyar ta dube ni, ta tuna tana da tukunya a wuta.

Inna ta fito da buhun a hannu, ba komai a ciki sai zanen.

"Ke wagga. Ina kayana?"

"Suna laburare, Inna. Aro na yi. Ban san kina..."

"Ƙaƙa kil liƙa su ga bango?"

"Da ƙusa."

"Ƙusa?" Muryarta ta sauka har da ƙyar na ji. "Kin buga musu ƙusa?"

"Zan saya miki wasu. Akwai su a kasuwa."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi a kan kallon da ta yi mini.

"Shekara guda, faifai guda," ta ce. "Tun randa mota tat tahi da ke. Na ɗakinki na. Ɗakin aurenki! Kayan jere ba a buɗe su sai ranarsu, ko ƙanwar uwa ba ta gani. Ke kin kai su bangon gwamnati, gari duk ya kalla. Ido ya cinye su. Mi zan kai miki yanzu? Mi zan nuna ma dangin miji su san kina da uwa?"

"Ba ki taɓa gaya mini ba!"

"Wa aka gaya ma wanga? Kowace ɗiya ta sani!"

"Ni ba a nan na girma ba, Inna. Ke kika bari aka tafi da ni!"

Ta tsaya. Ta ninke buhun gida huɗu, a hankali. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Daga ranar ko "ke wagga" ta daina. Takan ajiye tuwona a bakin ƙofa, da murfin roba a kai.

Ranar Litinin Faruku ya zo laburare ba lokacin tara ba. Ya je Bukkuyum wurin mahaifiyarsa, Hajiya Sahura, ya dawo da asuba a kan babur. Bai zauna ba.

"Magana ta kai ga Hajiya."

"Wace magana?"

"Ta jeren. An ce mata kin yi jeren aurenki ga ɗakin littattahai, ɗiya na shiga suna guɗa suna neman ango. Har ana kirana angon laburare."

"Kai ka buga ƙusoshin."

"Na sani! Na sani, Hidaya. Na ji a jikina ranar, na yi shiru." Ya shafa fuska. "Ta ce ba ta aiko kowa ran Juma'a sai an sauke su. Kuma a rushe ƙungiyar ga, a daina sayen baki, a daina sunan ga na 'Yan Jere. Ta ce ba ta kawo surukar da gari ka yi ma waƙa."

"Mutum arba'in da ɗaya ne, Faruku."

"Su ci gaba da karatu mana! Ki mai da littattahan ga kanta, mai so ta ɗauka."

"Su juya wa mutane baya?"

Ya kau da kai.

"Ka yi mata bayani."

"Na yi. Ta yi kuka. Kin san tun da rami yar rufta ma yayana Manu wurin haƙar zinari, ni kaɗai nir rage mata. Ba ni iya ganin hawayenta." Ya matso. "Abar sona, don Allah... fayafayai na kawai."

Maganata ce ya dawo mini da ita. Bai ma lura ba.

"Ranar Alhamis zan sauke," na ce. "Ka zo da gudumarka."

Na gaya wa kaina ba don Hajiya Sahura zan yi ba. Don Inna ce. Kayanta ne, na sata, zan mayar. Saura Laraba ɗaya, a cikinta zan sallami yaran.

Ranar Laraba na bar su suka fara kamar kullum. Na ce in sun gama sai in faɗa. Wata ce ke ba da labarin littafin da ta karanta, ta zame ta faɗi ƙarshe, ɗakin ya kaure da ihu, ana miƙa mata tsintsiya. Tana rantsuwa ba ƙarshen ba ne. Na yi dariya har na dafa tebur.

Sai ihun ya mutu daga baya zuwa gaba.

Inna ce a bakin ƙofa. Mayafinta na zuwa unguwa, buhun nan a ninke a hammata. Ba ta taɓa taka harabar makaranta don kanta ba. Ta dubi tulin takalman da ke waje, ta cire nata.

Yara suka buɗa mata hanya. Ta tafi har gaban bango. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannu ta taɓa kan ƙusa ɗaya.

"Wa yaj jera wanga?"

"Ni ce, Inna."

"Ba haka aka jere ba. Kin sa na tara gaba ga na hwarko."

"Inna, suna da lamba?" in ji Habsu.

"Ɗiyar wa ta wagga mai baki?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Habsu ta tashi ta ba ta kujera. Inna ta ƙi zama. Ta nuna farin faifan da na jefa can ƙarshen layin ƙasa don ba shi da ado.

"Wanga shi na na hwarko. Ban sa mai galura ba. Shekarar ban iya kallon launi."

Ta nuna wani ja. "Na biyu. An aiko min hoto, ta sa jar riga." Ta nuna mai ruwan ɗorawa. "Na huɗu. Shekarar taz zo hutu, kwana tara. Ta ce hura na sa ta ciwon ciki."

Ban tuna na faɗi haka ba. Na san na faɗa.

Yatsanta ya tsaya kan mai baƙin zobe.

"Na shida. Rasuwar babanta. Kwana uku ana kallon hanya. Anka ce tana jarrabawa."

Yatsan ya matsa gaba.

"Wanga kore mai karkatar baki, na sha ɗaya na. Cikin ajin furamare nis saƙa shi, nan Gummi, inda anka zuba mu da munka gudo daga Zugu saboda 'yan bindiga. Hannuna na rawa, shi as sa ya karkace. Ranar da munka gudo na bar awaki, na bar tukwane, na bar gado. Buhun ga kaɗai nid ɗauko ga kai. Mata na cewa, ke kau mi ag ga buhun ga, zinari?"

Na zauna a kan tebur.

Ta bi su duka, har na goma sha huɗu. Ba ta dube ni ko sau ɗaya ba. Yaran take gaya wa.

Da ta gama Habsu ta ce a hankali, "Inna, ki sauko da amarya guda. Ni zan saya miki baki."

"Ni ban iya karatu ba."

"Akwai mai hoto."

Aka sauko mata da littafin tsuntsaye. Habsu ta karanta shafi ɗaya, tana juya shi Hausa. Inna na buɗe hotuna da yatsa ɗaya, kamar mai tsoron ya ƙone ta. Ta tsaya.

"Ai shamuwa ta!"

"An rubuta tana tahiya nesa," in ji Habsu, "amma duk damina tana dawowa itacen da tab baro."

"Hakanan na. Ita dai ba ta shekara sha huɗu."

Ɗakin ya fashe da dariya. Ni ma na yi, ruwa na zubo mini ta hanci.

Da suka watse muka rage mu biyu. Na tsuguna gabanta.

"Ki yafe mini, Inna. Gobe zan sauke su."

"Ki sauke ki kai ina? Ramin ƙusa toshewa shika yi?"

"Kayanki ne."

"Na zo kwashe su. Ga buhu." Ta ajiye shi a kan tebur. "Wata takwas kina gidana ban ji dariyarki ba. Na ɗauka can Kalaba kib baro ta. Yau tun daga bakin ƙohwar makaranta nika jin ta." Ta dubi bangon. "Na yi su don ɗakin da za ki zamna, mutane su shigo su san kina da uwa. Ban ce ga ɗakin ba. Yau mutum arba'in sun sani."

"In na bar su, ba za su zo ranar Juma'a ba. Mahaifiyarsa ta ce..."

"Na ji abin da tac ce. Gari bai da sirri." Ta gyara mayafi. "In za ki sauke don yaron ga, ki sauke, ban hana ki ba. Yaro na na kirki. Amma kar ki ce don ni."

Ta sa takalmanta ta tafi. Ta bar buhun.

Ranar Alhamis Faruku ya zo bayan an tashi, da guduma. Ya ga buhun, ya saki ajiyar zuciya.

"Na gode, Hidayata. Wallahi ba za ki yi nadama ba."

Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, yana miƙo mini fayafayan. Bangon ya koma fari da ramuka goma sha huɗu. Na jera fayafayan a kan tebur, na ɗauki farin.

"Wannan ka mayar a farkon layin sama."

Ya juyo.

"Ta ramin da yake da shi. Kar ka sake yi masa wani."

"Hidaya..."

"Sai jan nan. Shi ne na biyu."

"Kin san abin da kika yi?"

"Na sani."

"Fayafayai sun hi ni?"

"Shekara goma sha huɗu ne, Faruku. Jiya na fara karanta su. Ba zan mayar da su ƙarƙashin gado ba. Kuma ba zan tsaya gaban yaran nan in ce musu abin da suka yi abin kunya ne ba."

"Ni fa? Ni fa, Hidaya? Ba ni iya saɓa mata! Ki ce in bar aikina in bari, ki ce in bar garin ga in bari, amma ita..."

"Ban ce ka saɓa mata ba. Ni ma uwata na zaɓa."

Ya daɗe a tsaye, gudumar na reto a hannunsa. Hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Sannan ya miƙo hannu.

"Ba ni na hwarkon."

Ya buga su duka, a jeren Inna, kowace ƙusa ta tsohon raminta. Ina kiran lamba, yana bugawa. Da ya gama ya ja da baya ya duba ko layin ya miƙe. Ya gyara katako ɗaya. Ya fita bai yi sallama ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Inna ta share zaure, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura. Na ce mata ba mai zuwa. Ta ce ta sani. Duk babur da ya wuce sai mu ɗaga kai mu biyu. Bayan la'asar ta naɗe tabarmar. Muka sha furar tare, a ƙwarya ɗaya. Cikina bai yi ciwo ba.

A ƙarshen zangon Faruku ya nemi canji zuwa Anka, aka ba shi. Kafin ya tafi ya shigo sau ɗaya, ba na nan, ya cike sauran sunayen tsuntsayen da fensir har shafin ƙarshe. Ban goge ba. Ban kuma cika buɗe littafin ba. Lokacin tara har yanzu nakan ji kamar an taɓa ƙofa. Iska ce.

'Yan Jere sun kai sittin. An ƙara mana benci biyu. Inna na zuwa kowace Laraba, tana zama kusa da taga da ƙunshin kabarta, tana saurare, tana gyara wa marubuta labari. Ta ce rabinsu ba su san rayuwa ba.

A wata Laraba na lura ta fara sabon faifai. Tsakiyarsa bai wuce tafin hannu ba, shuɗi da fari.

"Inna, na wa na wanga?" in ji Habsu. "Bango ya cika."

Inna ba ta ɗago ba. Ta jiƙa kaba a baki, ta ja.

"Na ɗiyata na. Wanga ƙarƙashin gado za shi." Ta soka allura. "Ta taɓa shi ta gani."

Yara suka yi dariya. Ni ban taɓa jin kalmar nan, ɗiyata, a bakinta ba. Na juya wa ɗakin baya, na gyara wani littafi a kan kanta wanda ba ya buƙatar gyara.